Ɗaurin Katin Da Na Raina

Ni ne da laifi, ba wani ba, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wannan Talatar ba.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da bakinmu bai gama sabawa da kiran garinmu Suleja ba, ina akawu a wani kamfanin safiyo. Muna da kwamfuta ɗaya, hedikwatarmu a Kaduna tana da wata iri daban. Oganmu, injiniya mutumin Filato, shi ya tsara yaren da ake ba su umarni da shi, a kan katunan da ake hudawa. A ciki akwai sashen da muke kira mai bin sawu: in lissafi ya karkace, shi ke nuna layin da aka yi kuskure. Katunan sashen ɗauri biyu ne, na injin Kaduna da na namu, don kowane inji da inda yake ajiye lambobinsa. Ban san haka ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ga sun yi kama, na ce maimaici ne, na kwashe namu na kai gida. Mai ɗakina ta samu abin kwasar gyaɗa.

Bayan mako biyu, lissafi ya jefa turken hanya tsakiyar gonar wani dattijo a Maje. Oga ya saka mai bin sawu, ɗaurin Kaduna da ya rage, inji ya yi ta zubo shirme. Hedikwata ta ce in bai gano kuskuren kafin Juma'a ba, ya tattara kayansa.

"Akawu, ɗaurin nan ba biyu ba ne?"

"Ɗaya na gani, Oga."

Ƙarya na yi, ina kallon mutum mai 'ya'ya biyar ya dafe kai. Da azahar na hau keke sai gida wurin mai ɗakina.

"Ina katunan nan?"

"Masu hujin? Malam, waɗannan da ko gari ba sa tankaɗewa?"

Muka tattaro su, wasu a faranti, wasu ƙarƙashin tulu, duk a hargitse. Abin da ya cece ni shi ne al'adar Oga ta jan layi a karkace da jan biro a gefen kowane ɗauri. Na zauna a tabarma ina jerawa har layin ya miƙe. Uku sun sha mai, na huda sababbi a madadinsu a ofis, na miƙa wa Oga ɗaurin.

Inji ya haɗiye katunan, ya yi ƙara, ya buga lambar layi ɗaya tak. An manta alamar ragewa ne.

"Ga ɓarawon!" Oga ya daka tsalle har tabaransa ya faɗi. Washegari aka cire turke, dattijo ya aiko mana da doya.

Tun ranar, abin da ban gane amfaninsa ba, tambaya nake yi kafin in taɓa shi.

A Talatar nan, da inji ya nuna kuskuren, Oga ya kama hannuna gaban kowa yana cewa ni na cece shi. A nan na durƙusa.

"Oga, ni na kwashe su, kuma na yi maka ƙarya. Don Allah ka yafe mini."