Takardar Makokin Nevyana

A garinmu Troyan ba a yaga takardar makoki. Idan mutum ya mutu, duk shekara danginsa su liƙa hotonsa a bishiya, su rubuta sunayensu a ƙasan hoton. Ruwan sama kaɗai ke cire ta.

Da wannan al'adar maƙwabciyata, Gwaggo Nevyana, ta riƙe jam'iyya guda fiye da shekara arba'in.

Jam'iyyar Masu Sikeli ce: malaman makaranta, masu kantin magani, masu gyaran agogo irin babanta, Stoil. Ba su taɓa wuce kujera biyu a majalisa ba. A 1947 gwamnati ta haramta ta, har ambaton sunanta ya zama laifi. Aka tafi da Stoil, bai dawo ba.

Nevyana ta liƙa takardarsa a bishiyar bakin kasuwa. A gurbin dangi ta rubuta: "Daga Jam'iyyar Masu Sikeli."

Ɗan sanda ya tare ta. "Ke yarinya, kin haukace? Cire wannan!"

"Ranka ya daɗe, ga ka ga bishiya. Kai ba ka da hannu?"

Ya dubi hoton mamacin, ya dubi tsofaffin da suka tsaya da kwandunan barkono. Ya gyara hula ya wuce. Aka kori Nevyana daga aikinta na koyarwa, ta koma wanke kwalabe a masana'antar miyar tumatir. Duk watan Maris takardar sai ta hau bishiya.

A 1990 jam'iyyar ta farfaɗo. Bayan shekara bakwai sabon shugabanta, Lauya Delyan, ya narkar da ita cikin wata babba, ya samu kujera. Ina wurin ya zo da kwalin cakulan.

"Gwaggo, kin yi ƙoƙari. Amma sunan nan an rufe shi a kotu. Ki daina rubutawa, kina kunyata mu."

"Ɗan nan, masu bindiga ma sun rufe shi. Su ba su kawo alewa ba."

"Jam'iyya babu mambobi, Gwaggo!"

"Ni fa? Kujera ce?"

"Zan sa a cire."

"A'a, kai za ka cire. Ranar kasuwa."

Ranar Asabar, ranar kasuwa, ta liƙa takardar, ta ja kujera ta zauna a gindin bishiyar tana saƙa. Motar Delyan ta rage gudu, sannan ta wuce.

Ta ce da ni, "Wuce ka kawo cakulan ɗin nan, mu yi wa Baba sadaka."