Ranar da Na Ɗora Inna a Kan Babur

Na yi tafiye-tafiye da yawa a rayuwata, har ƙasashen da soja ya kai ni, amma wadda na yi da mahaifiyata daga Madawa zuwa ƙasar Keita ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin an gama babban yaƙi, na dawo gida, ina aiki wurin wani ɗan kasuwa mai sayen fata. Yana da babur, mu moto muke ce masa, kuma ni kaɗai na iya hawansa. Ƙarshen damina ne saƙo ya zo cewa Kawu, yayan Inna, zai tashi zuwa Makka da ƙafa, ayarinsu jibi zai kama hanya. A zamanin nan wanda ya tafi, ba kowa ke dawowa ba. A jaki kuwa ba za ta riske shi ba.

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ƙarfen naka mai kuka, yana ɗaukar mutum biyu?"

Na ce yana ɗauka, amma damina ce, hanya ba ta da tabbas.

Ta ce, "Ban tambaye ka damina ba."

Maigidana ya yarda, ya ba ni mai a gwangwani, ya ja kunnena cewa daga nan har Keita ba inda zan samu ko ɗigo. Na ɗaure matashi a kan ƙarfen baya. Inna kuma ta fito da guzurin da za ta kai wa Kawu: gabun albasa, dakuwa, kilishi, har da ƙwarya sabuwa. Muka yi ta ciniki kamar a kasuwa, ina rage kaya tana mayarwa. Ƙwaryar dai ta kife ta a kanta, ta ɗaure da kallabi. Sannan ta haɗa ni da ita da zane, ta ƙulle a ƙirjina.

Da muka tashi da safe, idonta a rufe yake, bakinta sai salati. Kafin mu kai Karofan na ji salatin ya fara yankewa. Can sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni: Inna tana dariya har da shessheƙa. Ta daki kafaɗata ta ce, "Iyakar gudunshi ke nan? Ƙara mishi." Duk mai jakin da muka wuce sai ta gaishe shi da ƙarfi, ta tambayi iyalinsa, kafin ya buɗe baki mun ɓace. Wannan fa matar da ko a biki ba ta ɗaga murya.

Muna cikin haka gabas ta yi baƙi. Iska ta kwantar da gero, ruwa ya sauko kamar da bakin tulu. Jar ƙasar nan ta zama sabulu. Babur ya yi nan, ya yi can, sai ga mu kwance a gonar wani bawan Allah, ɗaure da juna, ni ina son tashi, ita tana son tashi, kowa na jan ɗan'uwansa. Na ce, "Inna, kin ji ciwo?" Ta shafa kanta ta ce, "Ƙwarya dai lahiya lau." Sai muka fashe da dariya, taɓo har cikin haƙora.

Bayan Buza ne abin ya daina zama wasa. Korama ta ciko tana tafe da itatuwa. Muka fake a bukkar wasu manoma muna kallonta, rana tana ta gangarawa. Inna ta kafa wa ranar ido. Na san lissafin da take yi, ni ma shi nake yi. Da ruwan ya ja zuwa ƙugu, manoman suka zura sanduna, suka saɓa babur a kafaɗa kamar amarya, suka haye da shi. Inna ta ƙi a ɗauke ta, ta riƙe hannuna muka ratsa. A can gefen babur ya ƙi tashi, buji, ɗan abin nan mai ba inji wuta, ya jiƙe. Na cire shi, Inna ta goge da bakin zanenta, ta hura masa iska tana yi masa magana kamar jariri. Na buga, ya yi tari, ya kama.

Taɓo ya shanye mana mai fiye da yadda na zata. Saboda haka duk gangaren duwatsun Adar sai in kashe inji mu sulala, iska kawai ke kuka a kunne. Nan Inna ta dawo da dariyarta, har ta yi guɗa. Man ya ƙare muna hango rumbunan ƙauyen su Kawu, muka ƙarasa ina turawa.

Aka ce ai ayari ya tashi tun hantsi, sun gaggauta don tsoron ruwa. Inna ta zauna a ƙasa. Sai wata tsohuwa ta ce ba su yi nisa ba, koramar bayan gari ta tare su. Inna ta miƙe da gudu, ƙwarya a ka, ni da na yi soja ban kamo ta ba.

Kawu yana zaune kan buzunsa ya ga wata halitta ja jawur ta nufo shi. Sai da ta yi magana ya gane ta. Ya ce, "Ke, da mi kika zo?" Ta ce, "Iska na hawo." Suka riƙe hannun juna, suna dariya hawaye na zuba, suka yafi juna.

Kawu bai dawo ba, can Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar na koyi cewa in tsoho ya ce ka kai shi wurin nasa, ka tashi kawai. Hanya za ta bushe gobe, amma ba lallai mutumin ya jira goben ba.