Malam Isa Mai-Bidiyo da Fuskar da Ya Nema

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Isa Tanko, wanda mutanen Jos suka fi sani da Isa Mai-Bidiyo, a shekarar 1952 a unguwar Nasarawa Gwom, cikin tsakiyar damina, lokacin da gajimare kan sauko daga duwatsu ya kwanta a kan rufin kwano har hantsi. Mahaifinsa, Malam Tanko, helma ne, wato shugaban 'yan haƙar kuza, wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Ringim. Mahaifiyarsa kuwa, Malama Tabawa, ta yi suna wajen sanin asalin mutane, domin idan ka faɗa mata sunan kakanka, sai ta gaya maka gidan da ya fara sauka a garin. Masu cewa a wurinta Isa ya gaji halinsa ba su yi ƙarya ba.

Karatu da Ƙuruciya

Ya fara da karatun allo a zauren wani maƙwabcinsu, a 1959 kuma aka sa shi firamare. Gaskiya ba a san shi da ƙwazon lissafi ba. Yaro ne mai yawan tsayawa kallo. Idan aka aike shi, sai a same shi a bakin kududdufin da masu kuza suka bari, ya zuba wa ruwan ido yana kallon inuwar masu wucewa, har sai an biyo sawunsa da faɗa. Da ya tasa yana bin abokansa silima a Kwararafa, su suna kallon jarumi, shi kuwa idonsa na kan mutumin da ke giftawa ta bayan jarumin da tulu a ka, yana tambayar ko wane ne shi, ko ina za shi. Abokan sukan ce masa ya rufa musu asiri ya bari su ji magana.

Sana'a

A 1971 ya shiga koyon ɗaukar hoto a wani shago a Kwararafa, a 1980 kuma ya sami aikin ɗaukar hotuna a cibiyar horar da manyan ma'aikata da ke Kuru. Bayan shekara biyar ya ajiye aikin, ya sayi kyamarar bidiyo irin wadda ake saɓawa a kafaɗa, ya buɗe shagon kansa a Kwararafa. Daga nan babu biki, ko suna, ko walimar sauka, ko tarbar alhazai, ko shagalin maƙwabta 'yan coci, da ba za ka hango shi ba da ido ɗaya a rufe. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a suke yi masa tsiya a kanta: idan ya ba mai biki kaset ɗinsa, sai ya riƙe na asalin ya jera a kanta, har bangon shagon ya cika tun daga ƙasa zuwa rufi. Sukan ce Isa zai mutu ya bar wa 'ya'yansa gadon bikin mutane.

Aure da Iyali

A 1979 ya auri Malama Binta, 'yar wani tela a unguwarsu, mace mai fara'a wadda ake jin dariyarta tun daga ƙofar gida, kuma wadda masar da take toyawa ta gagari matan layin. Allah ya albarkace su da ɗan fari a 1981, aka raɗa masa suna Salim. Bisa al'adar kunyar ɗan fari, Malam Isa bai taɓa furta wannan suna ba, bai kuma taɓa rubuta shi da hannunsa ba. Magaji yake ce masa, takardun makaranta ma ƙaninsa yake turawa ya cika. Sai Jabir a 1984, sai Amatullahi a 1989.

Kunyar nan ba ta tsaya a kan ɗa ba. Binta takan je yawancin bukukuwan da mijinta ke ɗauka, amma da zarar ta shigo idon kyamara sai ya kawar da ita gefe, wai kada a ce Isa ya tsaya haska matarsa a bainar jama'a. Ita ma takan ja mayafi ta juya baya tana dariya. Su biyun sun ɗauka akwai lokaci.

Allah ya yi wa Malama Binta rasuwa a 1990 bayan gajeriyar jinya, Amatullahi ko yaye ba a yi mata ba. Hoto ɗaya tak ta bari, ɗan ƙarami, wanda Malam Isa ya ɓoye a akwatinsa da niyyar ya miƙa wa yarinyar ranar aurenta. A 1992 ya auri Malama Ummusalma, wadda ta riƙe yaran riƙon amana.

Shekarar 2001

A rikicin watan Satumba na 2001 wuta ta cinye gidan Malam Isa, har da akwatin. Allah ya tsare rayukan iyalinsa, ya kuma tsare shagon Kwararafa. Maƙwabcinsa na shekara ashirin, Onyebuchi mai gyaran rediyo da talabijin, shi ma ya rasa nasa gidan, ya kwashe matarsa Ulonma da 'ya'yansu suka koma wani ɓangare na garin, kamar yadda dubban mutane suka yi a lokacin.

Da ƙura ta lafa, sai jama'a suka fara sallama a shagon, ba don a ɗauke su ba. Wannan ya ce hotunan mahaifinsa sun ƙone, waccan ta ce ɗanta ya fita bai dawo ba, ko Malam zai duba ko ya taɓa giftawa a wani biki. Allah Sarki! Kasakasai dubbai, ba abin da ke jikinsu sai sunan ango da shekara. Mutum zai wuni ana sa wannan ana cire wancan, ya tashi hannu rabbana. Ga shi kuma sanyin damina ya sa kasakasan sun fara fumfuna.

A cikin wannan hali ne Amatullahi, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta tambaye shi ko da wa mahaifiyarta ta yi kama. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji abin da ya tsorata shi: yana tuna dariyar Binta, yana tuna tafiyarta, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Ya ce mata, “Kafin ki bar gidan nan, in sha Allahu, za ki gan ta da idonki.” Bayan ita bai gaya wa kowa wannan alkawari ba, domin a ganinsa dattijo ba ya fitowa ya ce fuskar matarsa yake nema.

Kafa Fihirisar

A 2003 Onyebuchi, wanda a lokacin ya koma gyaran kwamfuta, ya leƙo shagon ya ga halin da ake ciki. Da Hausarsa ta 'yan Jos ya ce, “Oga Isa, wannan kaset duka zai mutu fa. Mu sa shi cikin kwamfuta, kowane mutum da sunansa.” Shi ya haɗa na'urar da ke juye kaset zuwa cikin kwamfuta, ya kuma tsara manhajar da za a tsayar da hoto, a rubuta sunan duk wanda ke ciki, da unguwarsa, da bikin, da shekarar. Idan ka buga suna, sai kwamfutar ta jero maka duk inda mai sunan ya bayyana, ko da wucewa ya yi da buta a hannu. Wannan jerin sunaye shi suka riƙa kira fihirisa.

Malam Isa ya kafa ƙa'ida biyu. Ta farko, ba ango da amarya kaɗai ba, har mai raba ruwa da mai leƙe ta katanga sai an sa musu suna. Ta biyu, duk wanda ya kawo kaset daga gida zai zauna ya faɗi sunayen mutanen ciki, a rubuta daidai yadda ya faɗa, ba gyara. Tsofaffin unguwa suka mayar da shagon majalisa, suna musu a kan fuskoki, suna tuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wani ya zo da fushi ya fita da hawaye. Mata daga ɓangarorin garin da ba sa shiga unguwar juna sukan haɗu a kan benci ɗaya, kowacce tana jiran a buga sunan nata.

Shi kuwa mai shagon, idan mutane sun watse bayan azahar, sai ya jawo kujera ya buga Binta. Bintoci sukan fito rututu, babu tasa. Ya buga matar Isa, ya buga uwar Magaji, ya buga 'yar tela. Ya bi kasakasansa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya riƙa samu ya fi rashin samu ciwo: gefen mayafi, hannu riƙe da faranti, sai hoton ya zame ya koma kan wasu. Hannunsa ne ya kawar da kyamarar, a kowane biki. Wani lokaci gyangyaɗi kan ɗauke shi a gaban allon, ya ga kamar duk mutanen kasakasan sun fito sun cika titin Kwararafa cikin kayan biki, rayayyu da matattu, gajimare na bin ƙafafunsu, Binta na can gaba ta ba shi baya, yana kira ba ta waiwayo ba.

Ciwon Ido

A 2005 likitoci suka tabbatar masa da hawan jinin ido, suka ce ganin zai riƙa raguwa. A wata ranar da ya tafi asibiti ne Ulonma ta kawo wani tsohon kaset da ta tsira da shi, na shagalin baftismar 'yarsu Okwuchi a 1988, wanda Onyebuchi ya ɗauka da kyamarar da ya ara, Malam Isa ya je Kuru ɗaukar wani biki. Ta zauna tana faɗin sunaye, mijinta yana bugawa bisa ƙa'ida. Da aka zo kan maƙwabciyarta sai ta share hawaye ta faɗi sunan da ta saba kiranta da shi, irin yadda mutanensu ke kiran mace da ɗanta na fari. Ba wanda ya ga dalilin ba Malam Isa labari. Wa zai yi zaton mai kyamara ba shi da hoton matarsa?

Haka abin ya zauna a cikin kwamfutar, a shagonsa, kusa da gwiwarsa, shekara huɗu. Ganinsa ya yi ta janyewa daga gefe, har ya zama sai haske da inuwa. A ƙarshen 2008 aka sa ranar auren Amatullahi, wadda a lokacin ta karɓi aikin buga sunaye. Ba ta sake tuna masa alkawarin ba, don tausayi, shi kuma wannan shirun nata ya fi komai damunsa. Ya rame, ya rage magana.

Samuwar Abin Nema

Wata safiya a farkon 2009, ana saura 'yan makonni biki, Malam Isa yana zaune a ƙofar shago yana shan hantsi, Amatullahi ta so ta tsokani yayanta da hotunansa na ƙuruciya. Ita ba kunyar sunan a kanta, sai ta buga Salim. A cikin abin da ya fito ta ga an rubuta Mama Salim, 1988. Ta taɓa.

Hoton yana rawa, don Onyebuchi bai iya riƙon kyamara ba. Wata mace ta shigo tsakar gida da tiren masa a ka, ta dubi kyamarar kai tsaye, ta ce, “Oga Buchi, sauke abin nan ka karɓa, masa za ta huce!” Sai ta fashe da dariya.

Malam Isa ya miƙe tsaye har sandarsa ta faɗi. Ya laluba ya shigo, ya kai fuskarsa dab da allon, amma ba abin da yake gani sai haske yana motsi. Ya ce, “Ita ce. Amatu, mahaifiyarki ce. Gaya mini, yaya take?” Yarinyar tana kuka ta ce tana da wushirya, da ɗan tabo a haɓa, kuma idan ta yi dariya idonta na hagu yakan ƙanƙance. Ya ce haka ne, wallahi haka ne, yanzu ya gan ta. Sannan ya tambayi da wane suna aka ajiye ta. Da ta faɗa masa, sai ya ce a hankali, “Salim.” Ya nemi a sake kunnawa, aka yi ta sakewa har azahar.

Rasuwa

An ɗaura auren Amatullahi a watan Maris na 2009, kuma a cikin kayan da ta tafi da su akwai faifan da Onyebuchi ya juye mata, da hoton da aka ciro daga ciki aka sa a gilashi. Malam Isa Tanko ya rasu a watan Agusta na wannan shekara, yana da shekara hamsin da bakwai, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa sallah a ƙofar gidansa da ya sake ginawa a Nasarawa Gwom, aka binne shi a maƙabartar da aka binne Malama Binta. Onyebuchi da Ulonma sun shigo unguwar a karon farko tun 2001, suka zauna karɓar gaisuwa tare da iyali. Fihirisar tana nan a hannun 'ya'yansa. Da aka buga sunansa a cikinta ba a sami komai ba, domin duk rayuwarsa yana bayan kyamara, sai muryarsa kawai da ake ji a wasu kasakasan yana cewa a matsa a ba yara wuri.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Ummusalma, da 'ya'ya uku: Amatullahi, da Jabir, da babbansu Salim, wanda mahaifinsa ya faɗi sunansa sau ɗaya a duniya. Allah ya jiƙansa, ya haɗa fuskokinsu shi da Malama Binta a Aljanna.