Gilashin Aghali da Bai Taɓa Tsagewa ba

Rumfar Baba Shu'aibu tana bayan tashar Tanut, kusa da masu facin taya. Ba ta da allo, ba ta da suna. Abin da ke nuna ta shi ne gilasan mota da ya jingina a jikin katanga, da tsumman bargo tsakanin kowanne da ɗan'uwansa, sai wani dogon teburi da ya lulluɓe da tsofaffin buhuna. Aikinsa gilashin gaban mota, musamman manyan Toyotan nan masu buɗaɗɗen baya da ke shiga daji, hatsi a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama. Gidanmu yana kallon nasa. Yawancin abin da zan faɗa a bakinsa na ji, sauran kuma a bakin abokinsa Aghali.

Baba Shu'aibu ɗan manoman gero ne daga wani ƙauye a ƙasar Olelewa. Wata shekara da damina ta yi gardama, yana saurayi, ya tafi cin rani Damagaram, ya faɗa hannun wani tsoho mai yanka gilashin taga da madubi. Ya ce mini ya daɗe a wurin kafin a bar shi ya taɓa abin yanka. Ɗauka kawai aka fara koya masa: a tsaye ake ɗaukar gilashi, ba a kwance ba, kuma ba a waiwaye da shi a hannu ko da uwarka ce ta kira ka. Daga taga ya koma mota. Da ya ga motocin da ake kawo musu da tsagaggen gilashi yawancinsu daga arewa suke zuwa, sai ya ce gara ya je ya tare su a hanya. Haka ya dawo ƙasarmu ta Damargu, ya zauna a Tanut, ya yi aure, ya kafa rumfa. Har yau ranar da aka yi ruwan shuka rufe ta yake yi ya tafi gona, ko motar wa ke jira.

Ba kowane gilashi yake cirewa ba. In tsakuwa ta yi ɗan tabo, yakan goge wurin, ya ɗiga wani farin gam, ya bar rana ta busar. In tsaga ce ta fara tafiya, sai ya huda ɗan rami a daidai bakinta don ta tsaya nan. Faɗansa da direbobi ɗaya ne kullum: da zarar dutse ya taɓa, a liƙa salatef kafin ƙura ta shiga, kuma kar a watsa wa gilashi ruwan randa da rana tsaka. Suna cewa to, ba sa yi.

Yana da wata doka da kowa ya sani a tasha. In za a sa sabon gilashi, mai motar ne zai tsaya a waje ya danna da tafin hannunsa, shi kuma yana ciki yana jan igiyar da ke zaunar da robar bakin gilashin. Ya ce wanda ya ji nauyin gilashi a tafinsa ba ya bin bayan babbar mota kurkusa. Igiyar ma ba ta kasuwa ba ce. Inna Kaltuma, matarsa, ita ke tufka masa da zaren auduga, don ta leda yanka roba take yi.

Aghali mutumin Belbeji ne, dattijo dogo mai shuɗin rawani, yana da tsohuwar Toyota fara. Duk ranar kasuwar Tanut yakan taso da sassafe, ya kwaso mutanen ƙauyukan hanya har da na Gangara, da yamma ya mayar da su. In ya sauke kaya, rumfar Baba Shu'aibu yake zuwa ya hura gawayi ya ɗora shayi. Kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne gilashin motarsa. Da shi ta zo, bai taɓa tsagewa ba, ko tabo babu. A ƙasarmu kuwa ba a canja gilashi sai ya fashe, don haka direban da nasa ya daɗe ana ganinsa da daraja.

"Mai gilashi," yakan ce yana zuba shayi daga sama, "yau ma ba ka ci kasuwata ba."

"Sha shayinka, mai rawani. Akwai wata tsakuwa a hanyar Gangara, na aika mata da saƙo. Tana jiranka."

"Ta tsufa a wurin."

Haka suke tun kafin in yi wayo.

Bara bayan girbi, wata rana da ba ta kasuwa ba, sai ga farar Toyota ta shigo da hantsi, bayanta wayam. Aghali ya sauko, ya yi sallama, ya zauna, bai nemi gawayi ba. Ya zaro makullin motar ya ajiye a kan teburin buhuna.

"Ka san direbobi duka, Shu'aibu. Ka samo mini wanda zai saye ta. Wanda zai riƙe ta da mutunci."

Baba Shu'aibu ya ɗauka wasa ne, har ya fara dariya, sai ya dubi fuskarsa ya daina.

Aghali ya ce idonsa ne. Ya daɗe yana jin hazo yana taso masa a hanya, kaɗan-kaɗan, bai gaya wa kowa ba, har Raishatu matarsa. Ranar kasuwar da ta wuce, suna komawa da yamma, gaba da Gangara, komai ya zama fari fat a gabansa. Ihun mutanen sama ne ya sa ya taka birki. Da ya leƙa, amalanke ne cike da mata da yara, hancin motar ya kusa taɓa jakin. Ba wanda ya ji ciwo, amma tun daga ranar bai yi barcin kirki ba.

"Mahaifina haka ya fara," ya ce. "Ba zan jira sai na kashe 'ya'yan mutane ba."

"Ka je asibiti?"

"In je su gaya mini abin da na sani?"

Baba Shu'aibu ya dubi makullin da ke kan teburi. Ya san in motar ta tafi, ba abincin gidan Aghali kaɗai ya tafi ba, mutumin ne gaba ɗaya. Tun yana matashi Aghali yake kan sitiyari, bai iya zama ba. Baba Shu'aibu ya tashi da kansa ya hura gawayin, ya ɗora buta. Yana yi yana tsotsar babban yatsansa, don tun safe wani ɓarɓashin gilashi ya shige masa, ya neme shi da allura har ya gaji bai gan shi ba.

"Me kake ta tsotsa kamar jinjiri?" in ji Aghali. "Kawo nan."

Ya kama yatsan, ya juya shi wajen haske, ya karɓi allurar. Taɓawa ɗaya ya ɗago wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya nuna masa a kan farcensa.

"Ga shi. Wannan ne ya hana ka sakat?"

Baba Shu'aibu ya dubi ɓarɓashin, ya dubi abokinsa, ya daɗe yana dubansa.

"Aghali, hazon nan, a gida yana zo maka?"

"A gida ba na tuƙi."

"Da rana tsaka fa, a hanya?"

"Da rana da sauƙi. Safe da yamma ne bala'in."

"Da safe in ka taso daga Belbeji, ina kake fuskanta?"

"Gabas mana."

"In za ka koma fa?"

Aghali ya waiwaya ya dubi yamma. Baba Shu'aibu ya tashi ya nufi motar. Gilashin fes yake, don kullum sai mai shi ya wanke shi da kansa. Ya ɗora farce a kai ya ja a hankali, sai aka ji wani ɗan ƙara kamar ana jan ƙwarya a kan yashi. Ya kira Aghali ya ce ya shafa da bayan yatsa, sannan ya shafa wani sabo da ke jingine a katanga. Shekarun da motar ta yi tana kutsa rairayin Damargu, yashi ya ci fuskar gilashin, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya rabewa. A inuwa garau yake. In rana ta yi ƙasa ta haske shi gaba da gaba, kowane rami sai ya kama haske, duka ya koma fari.

"Ba idonka ba ne, ina zato. Abin alfaharin nan naka ne ya tsufa."

Ran Aghali ya ɓaci. "Gilashin da ko tabo babu? Shekara da shekaru kana jira ka cire shi, yau ka samu hanya."

"Na samu. Bari in cire."

"Ba za ka taɓa shi ba."

Suka koma suka zauna. Aka sha shayi na farko, aka sha na biyu. Aka yi azahar, Inna Kaltuma ta aiko da tuwo, Aghali ya ɗan taɓa ya tsame hannu. Sai can ya yi magana, murya ƙasa, yana kallon gawayi.

"In ka cire shi, na duba, na ga hazon yana nan fa?"

"To gobe mu tafi asibiti tare, ni zan riƙe maka hannu ana kallonmu. Amma bari mu fara da abin da na iya. Ba zan fasa maka shi ba. Robar zan yanka, in fito da shi lafiya. In ƙarya na yi, in mayar maka da abinka."

Bayan la'asar Aghali ya yarda, Baba Shu'aibu ya sa wuƙa ya zagaye tsohuwar robar, wadda ta bushe kamar fatar ganga. Ya ce Aghali ya shiga ya cire takalmi, ya kishingiɗa a kujera, ya tura da tafin ƙafa a hankali. Gilashin ya yi ɗan kuka ya saki, Baba Shu'aibu ya tare shi a ƙirji, ya kai shi jikin katanga, ya sa masa bargon da ya fi kyau.

Suka shiga motar haka nan, gabanta a buɗe, suka fita gari ta yamma. Masu facin taya suna ta ihu: "Baba Aghali, sabon yayi ne?" Bai kula su ba. Ya ja rawani ya rufe hanci, iska tana dukan su. Rana ta sauko daidai saitin fuska, irin lokacin da yake tsoro. Baba Shu'aibu ya ce shi bai kalli hanya ba sam, hannuwan abokinsa yake kallo a kan sitiyari, sun ƙanƙame shi har jijiyoyi sun fito.

Suka wuce gonakin bakin gari, karan gero a tsaye. Can sai Aghali ya ƙanƙance ido ya ce, "Akwai amalanke a gaba."

"Ina?"

"Can wajen aduwar nan. Jakuna biyu, ɗaya baƙi. Mai shi ya ɗora jarkoki."

Baba Shu'aibu ya duba iyakar dubawarsa, wani ɗigo kawai ya gani. Sai da suka matsa sosai ya ga jakunan, ɗaya baƙi, da jarkokin ruwa. Aghali ya ratse gefe ya kashe mota. Ya sa gefen rawani ya share ido.

"Iska ce," ya ce.

"Na sani. Ni ma ta shigar mini."

Da suka dawo, Aghali ya sake ajiye makullin a gefen teburi, ya kwana a Tanut, a zauren Baba Shu'aibu. Da safe aka shimfiɗa wani faffaɗan gilashin babbar mota a kan teburi, aka ɗora tsohon a kai, aka zagaye shi da alli. Gilashin mota biyu ne a manne da leda a tsakani, don haka sai da Baba Shu'aibu ya ja abin yanka ta sama, ya juya ya ja ta ƙasa, ya bi layin yana ƙwanƙwasawa. Sannan ya zuba alkol, ruwan nan mai kama wuta, a tsagar ya ƙyasta ashana. Shuɗiyar wuta ta bi layin da gudu, ledar ta yi laushi, ya raba da reza. Ya goge bakin da dutse, ya sa sabuwar roba, ya cusa igiyar Inna Kaltuma a cikin kwarinta bayan ya shafe ta da sabulu.

"Fita waje, mai rawani. Yau kai ma za ka danna kamar kowa."

"Ni da na ce har in mutu ba zan tsaya a nan ba."

"Buɗe tafinka. Kar ka buga, bi ni kawai."

Yana ciki yana jan igiya kaɗan-kaɗan, leɓen robar yana hawa kan ƙarfe, Aghali yana bin sa da tafin hannu daga waje, fuskokinsu suna kallon juna ta cikin sabon gilashin. Da aka zo kusurwar ƙarshe, igiyar ta fita, gilashin ya zauna da ɗan ƙara. Aghali ya ɗauki makullinsa daga kan teburi, inda makullin ya kwana.

Tsohon gilashin bai bar shi a rumfa ba. Ya naɗe shi a bargo ya kai Belbeji, yanzu Raishatu ke rufe cukunta na madara da shi in ta shanya, saboda kaji. Asibiti kuwa sun je daga baya, amma Aghali ne ya ja Baba Shu'aibu, ya ce mutumin da ba ya ganin gilashi a yatsansa bai kamata a bar shi da wuƙa ba. Tabarau ɗin da yake sawa yanzu in zai yi yanka, daga nan ya samo su.

Kafin damina ta faɗi, wata ranar kasuwa, farar Toyota ta tsaya a bakin rumfa bayan ta sauke mutanenta. A gefen sabon gilashin, ta wajen direba, an liƙa ɗan salatef a tsanake. Aghali ya sauko da butar shayinsa a hannu.

"Mai gilashi, saƙonka ya isa. Tsakuwar Gangara tana gaishe ka."

Baba Shu'aibu ya gyara tabarau, ya ɗauko kwalbar gam, ya ce ya hura gawayin tukuna.