Mutumin da Ya Tafi Sayen Ƙofa

A Kwali na tashi, a gidan kakata Inna Dije, mai suyar ƙosai a bakin kasuwa. Bayan isha'i takan tura guntayen itace cikin murhu, mu kewaye ta ni da ƙannena. A lokacin Babanmu, ɗanta na fari, ya tafi Garki aikin gini, ya ce mako guda zai yi. Damina ta zo ta wuce, shiru kake ji.

Tatsuniyar Inna guda ce tak, ta wani mutum da ya tafi birni sayen ƙofa, don asabari kawai ke rufe ɗakinsa. Amma wallahi ba ta taɓa ba da ita iri ɗaya sau biyu ba. Yau ya dawo da ƙofa a ka, gobe ta yi masa nauyi ya shimfiɗa ta a tasha yana sayar da goro a kai. Wata rana ma sai ta faɗa cikin labarin da kanta.

"Sai na tare shi na ce, kai Malam, ina zuwa? Ya ce, ke tsohuwa, ba ke kika aiko ni ba? Kun ji marar kunya!"

Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Ran nan dai na ƙosa na ce, "Inna, faɗi ta gaskiyar. Ya dawo ko bai dawo ba?"

Ta daɗe tana gyara wuta. "Angona, da na sani ai kai zan fara gaya wa."

Bara na gama rubuta littafi a kan wani magini da ya shiga motar Mararaba ya bar iyalinsa. A ciki marubucin yana hawa motar su yi cacar baki da maginin, kuma ƙarshen labarin uku ne. Na kai wa wani mai ɗab'i, ya karanta ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai salon Turawan zamani ne. Mutanenmu suna son su san yadda aka ƙare. Zaɓi ɗaya, ko mu fasa."

Na ɗauki abina na fito, ko a jikina. Ni a bakin murhu na koyi salon nan. In na ce ya dawo, na yi ƙarya. In na ce ya mutu, na binne uban da ban ga gawarsa ba. Inna ta rasu ba ta yi ko ɗaya ba, ni ma ba zan yi ba.