Ranar da Maman Tersoo Ta Ƙi Durƙusawa

Msurshima Aondona ta zo Gashuwa daga Gboko ta jihar Binuwai a shekarar 2011 da goyo a baya, ta biyo mijinta da ya samu aikin koyarwa. A 2014 ta shiga wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin gari. Aikinta ɗaya ne: idan manoma sun kawo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, ta soka ƙarfe a buhu, ta gwada danshi, ta ce a karɓa ko a mayar. Manoman Dagona suna kiranta Maman Tersoo. Sukan ce ko da haƙori ta ciji ƙwaya, ta fi na'ura gaskiya.

Mai kula da sito, Dunoma, shi ne a samanta. Ashar ce gaisuwarsa ta safe. Tuƙar goro kuwa, inda mata ke shimfiɗa tabarmar cin abinci nan yake tofar da ita, ja-ja-wur, ƙudaje na bi.

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba 2023, surukin Dunoma ya kawo buhu arba'in. Tun kafin ta soka ƙarfe wari ya dake ta. Ta soka ta zaro, ga ƙwaya ta yi baƙi, tana yauƙi. Ta juya wajen Dunoma.

"Oga, wannan ta ruɓe. Ko jaki ba zai ci ba."

"Ke, 'yar Binuwai! A garinmu za ki koya mana shinkafa?" in ji Dunoma.

Ya cusa hannu a buhun, ya damƙo, ya watsa mata a fuska a gaban manoma. Har cikin bakinta. Ta je bayan sito ta yi amai, ta wanke fuska, ta zauna ta rubuta ƙara shafi biyu, da rana da lokaci da sunayen shaidu.

Takardar ta je teburin Malam Mu'awiya, shugaban sashen kula da ma'aikata. Shi hanyarsa ɗaya ce tun zuwansa, yana kiranta sulhu. A sayo goro da lemo, a zaunar da mutum biyun, ƙaramin ya durƙusa ya nemi gafarar babba don ya kai sunansa kan takarda, a yage takardar, kowa ya koma aiki. Wanda ya ƙi, sai siton Nguru. Hadijatu mai shara, wadda ta durƙusa sau biyu a ofishin nan, ta tare Msurshima a ƙofa ranar da aka kira ta.

"Maman Tersoo, minti ɗaya ne fa. Gwiwa ba ta tsagewa. Ki tuna yaranki uku, Nguru ba nan kusa ba ce."

Ta shiga. Dunoma ya miƙe ƙafa a kujera, yana sakace haƙori da murfin biro.

"Madam, nan gida ɗaya muke," in ji Malam Mu'awiya da murmushi. "Malam Dunoma ya haife ki. Ki ba shi haƙuri, magana ta wuce."

"Ranka ya daɗe, ni aka watsa wa ruɓaɓɓiyar shinkafa."

"An sani. Amma ke kika rubuta."

Ta dubi daɓen da ake so ta sa gwiwa. Ga sabuwar tuƙar goro a wurin, ko bushewa ba ta yi ba. Ta ɗago kai.

"Yallaɓai, a coci nake durƙusawa. A sa takardata a fayil."

Dunoma ya tuntsire da dariya, ya jawo lemon da aka aje mata ya shanye.

Ranar Litinin ta gaba takardar sauyi ta fito: an mayar da ita Nguru "bisa buƙatar aiki". Yanzu da asubar Litinin take shiga mota, ta kwana a ɗakin haya kusa da tashar jirgin ƙasa, sai yammacin Juma'a ta ga 'ya'yanta. Mijinta ya koyi dafa tuwo.

Buhu arba'in ɗin an karɓe su, an casa, an gauraya da mai kyau, an ɗinke cikin farin buhu mai tambarin kamfani. Msurshima ba ta ƙara sa shinkafar kamfanin a tukunyarta ba. A rahoton ƙarshen shekara da Malam Mu'awiya ya aika wa masu kamfani, ƙarƙashin koken ma'aikata, kalma ɗaya ya rubuta: babu.