Masuncin da Na Bari a Ƙarƙashin Ruwa

Shekarun baya, lokacin da nake ajin yaƙi da jahilci a Yelwa, malamarmu ta ce kowace ta rubuto labari ɗaya, ranar rufe aji za mu karanta a gaban jama'a. Ban damu ba. Ni da na reni 'ya'ya shida da tatsuniya?

Na ɗauko wadda na gada wurin Inna, ta wani masunci da ya nutse a tabki ya iske tsohon gari a ƙarƙashin ruwa, da kasuwarsa da sarkinsa. Na cika shafi huɗu lafiya lau. Da masuncin ya shiga fada aka buɗe masa ɗakin zinariya, sai biro ya tsaya. A nan na gane abin kunya: shekara ashirin ina ba da labarin nan, kullum daidai wurin yaran ke yin barci. Ban taɓa kai ƙarshensa ba.

Na je wurin Inna na tambaye ta. Tana gyaran wake ta ce ita ma daidai nan take barci in kakarta na ba ta. Ashe zuriyarmu kaf babu wanda ya taɓa fito da bawan Allah nan daga ruwa.

Sai na rubuta, "Daga nan ya rasu. Ƙurunƙus."

Malama ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Maman yara, me ya yi miki?" Ta zaunar da ni ta ce tafiyar jarumi ba ta cika sai ya juyo gida. A hanyar dawowa zai haɗu da jarrabawar da ta fi duka, ya leƙa lahira ya dawo wani mutum daban, kuma ya zo wa mutanensa da abin da zai amfane su. Na ce, ashe tsaraba. Ta ce ita ce fa. Saura kwana uku.

Maigidana, da yake masunci ne, ya ce in aika masa jirgi mai inji, magana ta ƙare. Na ce mutum yana ƙasan ruwa. Ya ce to wannan kuma ganganci ne, tun farko wa ya aike shi?

Inna ce ta warware, ba da niyya ba. Tana amarya aka tashe su daga ƙauyensu saboda dam, ruwa ya cinye garin. Ta ce, "In dai zai hito, ya ɗauko min dutsen niƙana. Bayan ɗaki na baro shi."

Maigida ya ce wanda ya rungumi dutse a ruwa sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa. Ina jin haka na ce madalla, ga jarrabawa ta samu. Na sa masuncin ya cika aljihu da zinariya, ya ɗauki dutsen tsohuwarsa. A tsakiyar hanya numfashi ya ƙare, dole ya saki ɗaya. Ya zubar da zinariyar.

Ranar karatu na miƙe a gaban jama'a na fara. Da na kai inda ya fito gaɓa ya dire dutsen a gaban uwarsa, malama har da share ido. Sai muryar Inna daga layin baya: "To ɗan dutsen fa? Da mi za a yi niƙan?"

Na manta da shi. Har shugaban taro sai da ya sunkuya don dariya.

Yanzu in na ga matasa masu rubutu suna ƙorafin ƙarshen labari ya gagara, nakan ce su tambayi na gida abin da suke jira, tsarabar tana wurinsu. Jikokina kuwa da rana nake ba su tatsuniya, a zaune. Inna ta rasu tana cewa masuncin nan yaron kirki ne, sai dai ba a aikensa.